Lasisin Sagir

Ruwan da aka yi ranar Talatar nan, wanda ya fara tun hantsi bai ɗauke ba sai bayan la'asar, shi ya tono min abin da na daɗe ina dannewa. Ina zaune a rumfata ina ɗinke bakin wani takalmi, kwata ta cika ta tumbatsa tana kwaso ledoji, sai ga yaran lungunmu sun fito ba riga suna buga wata tsohuwar ƙwallo da ta sha ruwa har ta yi nauyi. Wani ɗan siriri a cikinsu ya tare ta da ƙirji, ya juya, ya ɗaɗa ta da ƙafar hagu. Sai na ga basillar hannuna ta tsaya.

Sunana Ado, baduku ne ni gaba da baya. Amma daga Ƙofar Mazugal har Sheshe in ka ce Ado baduku sai an tsaya tunani. Ka ce Koci, ƙaramin yaro ma zai kawo ka ƙofar gidana. Shekara tara na riƙe kulob ɗin unguwarmu, Taurarin Lungu, wanda abokan hamayya ke yi wa tsiya suna kira 'Yan Kududdufi, don filinmu a gindin ganuwa yake, dab da wani tsohon kududdufi. Yau ko ka je ba za ka ga filin ba, shaguna ne da garejin masu gyaran babur. Ni mutum ne mai baki, kuma mai taurin kai, wannan ko matata Binta za ta ba ka shaida kyauta.

Shekarar da nake magana, shekara goma sha wani abu ke nan, azumi ya faɗo a tsakiyar malka. Yini dogo, sama a rufe, ga wani zafi mai danshi da ke dafa mutum kamar an kifa masa tukunya. Tsohon gero ya ƙare, sabo bai iso ba, kullum mai awo da sabon farashi. Itace jiƙaƙƙe, Binta ta yi ta hura wuta hayaƙi na cika tsakar gida har idonta ya yi ja. Katangun ƙasa sun sha ruwa sun yi baƙi, kowane magidanci in hadari ya haɗo sai ya ɗaga kai ya dubi azarar ɗakinsa.

Filinmu kuwa, in an yi ruwan awa biyu, sai ka rasa ina fili ina kududdufi. Don haka bayan sallar asuba, kafin rana ta yi ƙarfi, yarana ashirin da biyu suke fitowa, wani da shebur, wani da fartanya, wani da baron da ya aro wajen magina. Mu haƙa hanyar ruwa, mu ɗebo yashi a buhu mu zuba gaban raga, mu tattake da ƙafa. Kafin hantsi leɓe ya bushe, yawu ya yi kauri, ga shi kowa zai wuce wajen sana'arsa. Washegari ruwa ya sake zuwa ya kwashe aikin, mu sake. Da ƙarfe biyar na yamma mu dawo tirenin, wato atisaye, da cikinmu a manne da baya. Ban taɓa ce wa yaro ya ajiye azumi don ƙwallo ba, da na faɗa ma da iyayensu sun kore ni daga unguwar.

Buɗa-baki a filin muke yi, kuma gida-gida ake karɓa. Yau wannan gida ya aiko da bokitin kunun tsamiya, gobe wancan ya aiko da ƙosai a kwano. Ranar da layi ya zo kan gidan da ba hali, Binta ce ke rufa asiri, ta dama ta aiko da sunansu, ba wanda ya sani sai ni. Mu jeru a kan tudun ganuwa, laka har gwiwa, dabino ɗaya a raba wa mutum biyu, kunne na jiran ladan. Kai, ban taɓa shan kunu mai daɗin na wannan shekarar ba.

Duk wahalar nan saboda wasa ɗaya muke yi. Muna saman gasar jiha da mu da wani kulob, saura karawa tsakaninmu, kwana huɗu bayan Sallah. Wanda ya ci shi zai hau rukunin ƙasa. Canjaras ba ta da amfani a gare mu, don sun fi mu yawan ƙwallaye. Uban kulob ɗinmu, Alhaji Munzali, mai sayar da yadi, zuriyar Larabawan nan da kakanninsu suka zo fatauci suka zauna cikin gari, ya riga ya yi min magana a gaban jama'a.

"Koci, ku dai ku hau," in ji shi. "Mota, masauki, alawus na yara, duk a wuyana. Sai an san unguwar nan a ƙasa baki ɗaya."

Kuma kowa ya san da ƙafar wa za mu hau. Sagir, lamba tara, ɗan Malam Inuwa mai koyarwa a Islamiyya. Shekararsa goma sha takwas, siriri, ba ya magana, amma in ƙwallo ta zo ƙafarsa ta hagu sai ka ji 'yan kallo sun miƙe tsaye. Fiye da rabin ƙwallayenmu na shekarar shi ya zura.

Yadda na same shi kuwa, shekara huɗu kafin nan, Malam Inuwa ya hana shi ƙwallo ƙememe. Sau uku ina zuwa zaurensa ina roƙo. A na ukun ya aika aka kira maƙwabta biyu, ya ce a gabansu:

"Malam Ado, yaron nan na ba ka shi. A harkar nan kai ne ubansa. Abin da ka ga ya dace da shi, shi ke nan, ba ni da ta cewa."

Sagir ɗan fari ne, ko sunansa Malam ba ya kamawa, sai dai ya ce yaron nan. Mu nan cikin gari mun san nauyin irin wannan magana. Ba takarda, ba sa hannu, amma ta fi takarda ƙarfi. A lokacin daɗi na ji, kaina ya yi girma.

Ranar sha bakwai ga azumi wani baƙo ya tsaya da lema a gefen fili, ya kalli tirenin har aka tashi. Washegari ma haka. A rana ta uku ya je gidan Malam Inuwa da katan na sukari da na madara. Malam ya yi godiya, ya ce a mayar masa da kayansa mota, ya haɗa shi da wanda zai nuna masa rumfata.

Sunansa Jafaru, mai nemo wa wani babban kulob na kudu 'yan wasa. Ya zauna a kan bencina ya shiga magana kai tsaye.

"Koci, lamba taranka muke so a ƙaramar tawagarmu. Albashi duk wata, masauki, likita. In ya yi ƙoƙari, shekara ɗaya ya shiga babbar tawaga. Amma ranar Juma'ar ƙarshe ta azumi ake rufe rajista. Lasisinsa nake so da takardar sallama mai sa hannunka."

Lasisi wani ɗan kati ne mai hoton yaro da hatimi, in babu shi ba inda zai buga wasan gasa. Na yarana duka ashirin da biyu suna cikin wata jakar fata da na ɗinka da hannuna. In na ba shi na Sagir, to ya tashi daga namu, wasan bayan Sallah sai dai ya ji labari.

"Mu kuma fa?" na tambaye shi.

"Ƙwallaye goma, jesi saiti biyu, da ɗan abin shan ruwa."

"Tabɗi! Ƙwallaye goma? Akuya ka zo saya ne?"

Bai yi fushi ba. Ya ajiye lambar wayarsa a kan teburina ya ce yana gari har ranar Alhamis, jajiberin rufe rajistar.

Daga ranar ban ƙara jin daɗin komai ba. Na je shagon Alhaji Munzali na faɗa masa. Ya ajiye almakashi ya ce, "Kul, kar ka sake shi. In muka hau, manyan kulob da ƙafarsu za su zo, kuma ba da ƙwallaye goma ba. Shi kansa yaron ya fi cin riba." Na fito ina maimaita maganar nan a raina, don ta yi daidai da abin da nake son ji.

Binta kuwa ba ta raga min ba. Tana kwashe ƙosai ta ce, "Baban Ummi, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Yaron nan su tara ne a gidansu, albashin Islamiyya kuma ka san shi. Ka sake shi ya tafi."

"Ke me kika sani a ƙwallo?"

"Ban san ƙwallo ba, amma na san gidan da na yi wa kunu sau biyu a azumin nan."

Na ɗauki hulata na fice.

Ranar ashirin da uku aka yi wani ruwa mai iska da azahar. Yana ɗaukewa aka ji salati daga lungun su Sagir. Ɗakin mahaifiyarsa ne ya rufta, Allah ya sa suna tsakar gida suna tarar ruwa. Unguwa ta fito, yarana suka bar tirenin, muka yi ta kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasa da kwanduna muna zaro azara, muna tono tabarmi da kwanuka. Ina kallon Sagir yana ciro akwatin uwarsa daga laka, yana goge shi da rigarsa. Mata da yara suka cushe a ɗaki ɗaya, Malam da samari suka koma zaure.

A zauren na sami Malam washegari da hantsi, yana shanya littattafansa a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa muka gaisa, na yi masa jaje.

"Malam, kun ji maganar baƙon nan."

"Na ji."

"To me kuka gani?"

Ya buɗe wani littafi da ruwa ya manne shafukansa, yana raba su a hankali. "Malam Ado, in na ba ka riga, sai in riƙa bin ka ina tambayar inda za ka sa ta? A gaban mutane na bayar."

"Amma Malam, ga halin da ake ciki."

"Ɗaki Allah ya rushe shi, shi zai tayar. Kar ka dubi ɗakina. Ka dubi abin da aka ba ka."

Na fito raina a ɓace. Wallahi da ya ce min sake shi, da a take na sake shi, in tafi ina ƙunƙuni, in an ci mu in samu wanda zan ɗora wa laifi. Amma dattijon nan ya ƙi karɓar kayan daga kaina. Kunyar ɗan fari da girman magana sun ɗaure masa baki, ni kuma na san haka, na fake da shirunsa.

Shi Sagir na tambaye shi sau ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Duk abin da ka ce, Koci." Amma ranar Laraba ya kawo min takalman ƙwallonsa rumfa, bakin na hagu ya buɗe. Ya miƙo da hannu biyu ya ce, "Koci, a ɗinke min da ƙarfi, an ce filin can ciyawa ce." Yana faɗa ya kama bakinsa. Na yi kamar ban ji ba. Na ɗinke takalmin ɗinki biyu, sau biyu ina soke yatsana.

Ranar Alhamis da yamma ana yayyafi Jafaru ya zo fili. Kuma Allah shaida ne, na fito gida da lasisin a aljihun gaba, har takardar sallama na sa an rubuta min, sa hannu kawai ya rage. Muna tsaye da shi a bakin layi, yara suna buga na gwaji. Aka ɗago wa Sagir wata ƙwallo daga kwana, ya tashi sama a cikin lakar nan da azumi a bakinsa, ya juya ya narka ta a raga, gola ko motsi bai yi ba. Yara suka yi ihu. Ni kuwa abin da ya zo min shi ne shekara tara da na yi ina kwasar yashi, da masu kiranmu 'Yan Kududdufi, da ranar da za a karanta sunan unguwarmu a rediyo. Na cire hannuna daga aljihu.

"Bayan wasa," na ce. "Kwana shida ne kawai ko bakwai. Bayan wasa ka zo ka ɗauke shi, ko ƙwallo ɗaya ba na so."

"Koci, gobe ake rufewa. Ba ni na kafa dokar ba."

"To Allah bai yi ba."

Ya dube ni ya ce, "Ka san ba don shi ka riƙe shi ba."

"Kai kuma don Allah ka zo, ko?"

Ya naɗe lemarsa ya shiga mota. Duk filin an ga tafiyarsa, kowa ya gane. Da aka kira magariba Sagir ya ɗebo kununa a kofi kamar kullum, ya durƙusa ya ajiye a gabana, ya koma cikin 'yan uwansa. 

Wasan kuwa an buga shi, a filin da ba namu ba ba nasu ba, rana ta buɗe bayan ruwan safe, ƙasa na tururi. Unguwarmu ta kwashe kaf da kayan Sallah. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. Suka sa mutum biyu a kan Sagir, suna shurinsa ta baya, alƙalin wasa ya zama makaho. Muryata ta dishe da ihu, don na san in ba mu ci ba na cuci yaron nan a banza. Saura minti shida ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ya yanke ɗaya, ya yanke na biyu har ya zauna a laka, ya sake ta da hagu. Ban ga shigarta ba, ƙarar mutane na ji. Aka ɗauke ni a kafaɗa tun daga bakin fili, Alhaji Munzali yana ta ɗaga hannu ta tagar mota. Na ce a raina, kun gani? Ni na san abin da nake yi. Har Binta na yi wa gori da na koma gida, ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da wanke-wankenta.

Rukunin ƙasa ba irin gasar jiha ba ce da za ka tara yara a bas ɗin haya ka dawo kafin magariba. Alhaji ya biya rajista, ya biya tafiyar farko, yini guda a hanya. Ta biyu ya ba da rabi, yarana suka shiga fili da garin kwaki da ƙuli a ciki, aka yi mana huɗu. Daga nan kasuwa ta juya masa baya, kayansa suka maƙale a hanya, masu ba shi yadi suka tsaya a kansa. Ban ce ƙarya ya yi min ba, lokacin da ya yi alkawarin yana da shi. Na zaga gidajen masu hali na unguwa, wanda ya ba da kuɗin ruwa ya bayar, wanda ya ce ba ya nan ya ce. Unguwar da ta iya ciyar da mu kunu wata guda ba ta iya zuba wa bas mai zuwa wata jiha ba. Wasan waje biyu a jere ba mu je ba, aka aiko mana da takarda an cire mu. Manyan kulob ɗin da za su zo da ƙafarsu, ko ɗaya ban gani ba, wa zai zo kallon kulob ɗin da ba ya fita fili? Yara suka watse, kowa ya karɓi lasisinsa ya nemi inda zai buga.

Na nemo lambar Jafaru na kira shi, na ajiye girman kai gefe na roƙe shi. Ya ce, "Koci, gurbin ya cike tun azumi, wani yaro muka ɗauka. Kuma kafin a sake buɗe rajista naka ya wuce shekarun ƙaramar tawaga. Ka yi haƙuri."

Yaran yanzu a waya suke ɗaukar wasansu su tura duniya, mai nema ya kira su kai tsaye, uba ya zo da ƙaninsa mai ilimin boko ya karanta takarda layi-layi. Ban ƙara jin wanda ya ba da ɗansa a zaure da baki ba. Sagir ya buga wa ƙananan kulob biyu daga baya, gwiwa ta same shi, ba likita, ya bari. Yanzu tayoyin babur yake sayarwa, 'ya'yansa huɗu, shi ya tayar wa uwarsa ɗakin bayan shekara uku. Wannan duk na iya ɗauka. Abin da har yau yake ci na shi ne ranar da na kai masa lasisin.

Shi kaɗai ne bai zo ya karɓi nasa ba, don haka na je da kaina. Na same shi a ƙofar gida yana jera bulo ɗin da suka fara saya ɗaya-ɗaya. Na shirya ya zage ni, ko ya juya min baya, wallahi da na ji sanyi. Na miƙa masa katin na ce, "Sagir, kulob ya mutu. Na kira mutumin nan, ya ce ba wuri. Ni na hana ka tafiya, ba mahaifinka ba, kuma don kaina na yi."

Ya goge hannunsa a wando, ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Ya dubi hotonsa a jikin katin, ya sa a aljihu.

"To Koci," ya ce, "gobe tirenin da safe ne ko da yamma?"

Na buɗe baki in sake gaya masa ba sauran tirenin, maganar ta ƙi fita. Na ce da yamma.

Washegari bayan la'asar na je filin. Shi kaɗai na tarar a gaban raga, ya riga ya ɗaure takalmansa yana jirana.